Ido Ya San Ƙima, Amma Bai San Faɗin Ƙofa Ba

Akwai maganar da ake yi a garin nan na Zariya duk lokacin da aka zauna shirya taro, ko walimar aure ce, ko saukar karatu, ko Mauludi, ko wa'azi, ko gangamin siyasa. Da zarar wani matashi ya ce a auna fili a zana inda komai zai zauna, sai wani babba ya yi murmushi ya ce, "Gida za mu gina ne? Taron wuni ɗaya ne fa. Gobe war haka an kwashe komai." Wani ya ɗora da cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, sun tsufa suna kafa rumfa daga Dogarawa har Samaru ba su taɓa riƙe takarda ba, kuma ba a taɓa jin kansu ba. Sai a shafa fatiha a tashi.

Ban ɗauki maganar da wasa ba, domin masu yin ta su ne riƙe da harkar. Mai ba da hayar rumfa da kujeru a Sabon Gari, wanda ya yi shekaru yana loda ƙarafa a bayan a-kori-kura, ya san abin da ba a koyarwa a aji. Zai tsaya a bakin fili ya ce rumfa takwas zai ci, kuma takwas ɗin ce. Ya san unguwar da ƙasarta ke riƙe turke da wadda turke ke zarewa da an yi yayyafi. Ya san in an rubuta ƙarfe goma a katin gayyata manyan baƙi sai sha biyu, saboda haka da inuwar sha biyu yake lissafi. Wanda ya raina wannan sani bai taɓa shirya ko taron suna ba.

Suna kuma da hujja biyu masu nauyi, dukansu daga cikin birni. Sukan ce Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, cikin shekarun 1830 zuwa 1840, da bakan gizon da masana gini na duniya suka yi ta zuwa kallo, to wace takarda ya riƙe? Sannan ga Hawan Sallah da Hawan Bariki da Hawan Daushe: dawaki ba iyaka, 'yan kallo sun cika ko'ina, kowane hakimi ya san bayan wa zai biyo da inda zai ja linzami ya yi jinjina, ba a taɓa raba wa kowa taswira ba.

Gaskiya ne, amma hujjojin nan biyu in an dube su da kyau ba su tsaya a inda aka ajiye su ba. Har gobe maginin ƙasa ba ya sa a haƙa tushe sai ya ja layi a ƙasa, da ƙafa ko da igiya ko da toka, mai gida ya zagaya ya ce a ƙara wa zaure faɗi, a matsar da ɗakin uwargida. Wannan zane ne, a ƙasa kawai aka yi shi, kuma amfaninsa shi ne a yi gardama tun ba a ɗora tubali ba. Hawan Sallah kuwa tsarinsa gado ne. Hanya ɗaya ce, gidaje ɗaya ne, yaron da ke riƙe da akalar ayari yau ya ga ubansa ya yi. Tsarin yana iya zama a ka ne saboda kowa na ɗauke da irinsa a nasa kan.

Taron yau ba haka yake ba, kuma nan ne na rabu da dattawan nawa. Mai rumfa daban, mai lasifika daban, mai janareta daban, mai kwalliya daban, mai ɗaukar bidiyo daban, masu abinci daban, 'yan agaji ko 'yan sintiri daban. Mai taro ya yi ciniki da kowannensu a waya, wasu ba su taɓa ganin juna ba sai safiyar ranar, wasu ma filin ba su taɓa taka shi ba. Kowanne gwani ne a nasa, kowanne yana da tsari a kansa, amma tsari bakwai ne, kuma babu wanda ke iya leƙa kan ɗan'uwansa.

Duk wanda ya taɓa sammako zuwa filin taro a unguwannin da ke bayan titin Kano ya ga yadda abin ke ƙarewa. Mai rumfa ne ke fara zuwa bayan asuba, ya kafa yadda ya ga ya dace, ya jera kujeru, yaransa su zauna shan koko. Wajen hantsi mai lasifika ya iso, ya tsaya ya riƙe ƙugu.

"Alhaji, wannan rumfar ta tare min gaba. Nan zan ɗora lasifika."

"Kai yaro, da ka zo da wuri. Wa zai kwance wannan yanzu?"

Sai ya jingina lasifikar a gefe, daidai kunnen dattawan da za a zaunar a sahun farko, makirfo kuma ya dawo gabanta, abin da zai sa ta yi ta ƙara duk lokacin da mai magana ya matsa. Mai janareta ya zo ya tarar wayarsa ba ta kai bayan katanga ba, ya ajiye shi inda ta kai, wato kusa da rumfar mata, iska na kwaso hayaƙi tana kai musu. Wayar ta ratsa hanyar da mutane za su bi, aka yayyafa mata ƙasa aka ɗora tabarma. Can wata Hajiya daga dangin mai taro ta fito ta tambaya, "To mu ta ina za mu shiga?" Sai a lokacin kowa ya lura cewa hanyar mata ɗaya ce, kuma ta gaban maza ta bi. Kafin azahar motar kuloli ta zo ta tsaya a bakin ƙofa, domin babu wanda ya gaya wa direba inda zai sauke. Babu wanda ya yi ganganci a cikinsu. An yi taro, an watse lafiya, kowa ya ce ai ga shi ba a buƙaci takarda ba.

To, "an watse lafiya" ɗin nan ita ce ke ruɗinmu. Ƙarar lasifika da hayaƙin janareta abin haushi ne kawai. Amma akwai abubuwan da ido ba ya iya ƙiyasta su ko da na gwani ne, saboda ba ya ganinsu sai ranar da suka faru, kuma mutum na iya yin shekara talatin a sana'a bai gamu da ranar ba.

Babba a cikinsu shi ne fita. Mutane suna shigowa taro ɗai-ɗai cikin awa biyu ko uku, amma tashi ɗaya suke yi. A ɗauki filin makaranta mai tsawon mita 60 da faɗin mita 40. In an cire dandamali da rumfar manyan baƙi da hanyoyi, a ce murabba'in mita 1,500 ya rage wa jama'a. Mutum biyu a kowane murabba'in mita tsayuwa ce ta walwala, ka ga mutum 3,000 ke nan. A Birtaniya akwai littafin ƙa'idar filayen wasa da aka fara fitarwa a 1973, bayan mutum 66 sun mutu a matakalar filin Ibrox na Glasgow a 1971. Lissafinsa shi ne, a shimfiɗaɗɗiyar hanya, faɗin mita ɗaya yana wucar da mutum 82 a minti ɗaya, kuma ana son fili ya iya fitar da jama'arsa cikin minti 8. Ƙofar makarantarmu in mita biyu ce, mutum 3,000 sai sun yi minti 18. In 'yan acaɓa da masu rake da mai tallan fiya wata sun cinye rabinta, yadda suka saba, minti 36. Don a fita cikin minti 8 ana buƙatar ƙofofin da jimillar faɗinsu ya kusa mita 5. Wannan lissafin ko ɗan sakandare zai yi shi a bayan kwali, amma ba a yin sa da ido, domin da safe ƙofar fayau take, kowa ya dube ta zai ce ta isa.

Minti 36 ba komai ba ne in kowa na tafiya a natse. Sai ranar da hadari ya taso, ko aka ce ana rabon wani abu a waje, ko wani ya yi ihu. Na baya ba ya ganin abin da ke gaba, turawa kawai yake yi. Da zarar cunkoso ya kai mutum shida ko bakwai a murabba'in mita, mutum ba shi ke tafiyar da kansa ba, kuma yawancin waɗanda ke mutuwa a turmutsutsu ba tattake su ake yi ba, ƙirji ne ke matsewa numfashi ya gagara, wasu a tsaye. Mun gani a ƙasar nan. Ranar 15 ga Maris 2014, a jarrabawar ɗaukar ma'aikatan hukumar shige da fice, masu neman aiki sun mutu a Abuja da Fatakwal da Minna da Benin. A Fabrairun 2019 mutane sun mutu a bakin ƙofar filin wasa na Fatakwal bayan an tashi daga gangamin siyasa. A Disamban 2024 yara 35 suka rasu a wani taron rabon kyauta a filin wata makaranta a Ibadan, kwana kaɗan bayan haka aka sake yi a Okija da Abuja. Ba gini ne ya faɗo a kan kowa ba. Yawan mutane ne da ƙarancin hanya.

Dogarawa tana da nata ƙarin. Unguwa ce da ke kan hanyar Kano, tireloli da tankokin mai ba sa yankewa dare da rana tsakanin nan da Kwangila. Taron da ƙofarsa ke zubar da jama'a kai tsaye a bakin wannan titi bayan magariba, da yara da mata masu goyo, ya fitar da su daga wani haɗari ya miƙa su ga wani. A kan takarda kibiya ɗaya ce za a juya, a ce a fita ta lungun baya, motoci su tsaya can. A ranar taro kuwa ba mai iya juya mutum dubu. Haka batun motar asibiti. Asibitin koyarwa na Shika ba nisa gare shi ba, amma in motocin baƙi sun toshe layi gaba da baya, kafin a nemo masu makullai an yi asarar lokacin da ya fi tafiyar kanta tsawo.

Sai iska. Kowa a Zazzau ya san hadarin farkon damina, daga gabas yake tasowa, guguwa ta riga ruwa isowa. Abin da ba a cika lissafawa ba shi ne ƙarfinta a kan kyalle. Iska mai gudun kilomita 70 a awa tana danna kowane murabba'in mita da nauyin da ya haura kilo 20. Babbar banar nan da ake ɗaurawa a bayan dandamali, mai mita 6 da mita 3, tana iya ɗaukar turin da ya kai kilo 400, ga shi sau da yawa da igiyar roba aka ɗaure ta a jikin ƙarfen da aka tokare da bulo biyu. Ƙarƙashinta kuma manyan baƙi ne. Mai zane dole ya sa kibiyar gabas a takardarsa, kuma da ya sa ta tambayoyi za su biyo: ina iska za ta bugo, ina rana za ta kasance bayan la'asar (jama'ar da aka fuskantar da su yamma, da hannu a goshi za su ƙare taron), ina alƙibla in lokacin salla ya yi, ina za a yi alwala ruwan bai gangaro kan wayar wuta ba.

Wutar ma haka. Ƙarfen rumfa dogo ne, yara ke ɗaga shi tsaye, manyan wayoyin wuta kuma sun ratsa saman filaye da yawa a unguwanninmu. A Afrilun 2017 babbar waya ta faɗo a kan wani gidan kallon ƙwallo a Kalaba ta kashe mutane suna cikin kallo. Wanda ya zagaya fili da biro yana zana falwaya da tiransifoma, dole ya ɗaga kai sama, abin da mai sauri da asuba ba ya yi.

Na san amsar da ke zuwa, domin ita ce ke rufe kowace gardama a wurinmu: tsaro na Allah ne, abin da ya ƙaddara ba takardar da za ta hana. Haka ne, babu musu. Sai dai a Suratu Yusuf, aya ta 67, Annabi Yaƙub ya umarci 'ya'yansa kada su shiga gari ta ƙofa ɗaya, su rarrabu a ƙofofi, kuma a cikin ayar ya bayyana cewa dabararsa ba ta tunkuɗe hukuncin Allah, gare shi ya dogara. Malaman tafsiri da yawa sun ce kambun baka ya ji musu, ba cunkoso ba, kada a ce na ja aya inda ba ta je ba. Abin da nake nunawa shi ne dabara da tawakkali sun zauna a aya ɗaya ba su yi faɗa ba. Mu da muke sa 'yan agaji su ja igiya su daidaita sahu a filin Idi, mun riga mun yarda da tsara fili, sauran kawai a rubuta.

Akwai wata amsar da ta fi wannan ƙarfi, kuma wani malami ne ya taɓa jefo min ita. Ya ce duk duniya ba inda ake zane da lissafin jama'a kamar Makka, amma ga abin da ya faru a Mina ranar 24 ga Satumba 2015. Hukumomin Saudiyya sun tsaya a kan mutum 769 da suka rasu a turmutsutsun ranar, lissafin da kamfanonin labarai suka tattara daga ƙasashe ya haura 2,000, cikinsu har da alhazan Najeriya fiye da 200, da Hajiya Bilkisu Yusuf da Farfesa Tijjani El-Miskin, Allah ya jiƙansu. Ina zanen ya tafi? Tambaya ce mai kyau, kuma ba zan ce zane laya ba ne. Amma a duba inda abin ya faru. Wurin jifa kansa ya sha cin rayuka, har zuwa Janairun 2006 da mutum fiye da 340 suka rasu a nan. Bayan haka aka rushe gadar aka sake ta hawa-hawa, mashiga daban, mafita daban, kowa na tafiya fuska ɗaya, kuma irin wancan bai sake aukuwa a kan gadar ba. Na 2015 a kan hanya ya faru, a mahaɗar titi mai lamba 204 da mai lamba 223, inda ayari biyu suka yi karo. Inda aka hana jama'a haɗuwa gaba da gaba an samu sauƙi, inda suka haɗu an yi asara. Wannan bai rushe hujjar zane ba. Ya nuna cewa zanen da ba a bi ba a ranar, ko wanda bai kai ga wani lungu ba, ba ya tsare wannan lungun.

Masu cewa zane ɗabi'ar 'yan boko ce da ba ta dace da taronmu ba, da za su shiga Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru su nemi gidan wasan kwaikwayon nan na ƙasa da ɗalibai ke karatu a cikinsa. A tsakiyar shekarun 1970 aka gina shi. Steven Ehrlich, Ba'amurke mai koyar da zanen gine-gine a jami'ar a lokacin, shi ya zana, tare da shawarar Michael Etherton na sashen wasan kwaikwayo. Da ƙasa aka yi shi, a kan fasalin gidan Bahaushe, ɗakuna zagaye da tsakar gida, yadda za a iya sauya wurin 'yan wasa da na 'yan kallo gwargwadon wasan da za a yi. Takarda ba ta kore hannun magina ba a wurin nan, tare suka yi aiki. Kuma abin mamaki ne a ce garin da ke da tsohuwar makarantar koyon zanen gine-gine ta ƙasar nan, wadda ta dawo Zariya tun 1955 kafin a kafa jami'ar kanta a 1962, ga kuma kwalejin Nuhu Bamalli, a ce a nan ne ake kafa dandamalin mutum dubbai ba wanda ya ja layi. Ɗaliban da za su yi wannan aiki da kuɗin da bai kai hayar rumfa ɗaya ba suna nan a Samaru da Palladan da Hanwa, wasunsu ma 'ya'yan masu taron ne.

A nan dole in ba dattawa gaskiyarsu a wani wuri. Taron suna a ƙofar gida, rumfa biyu da tabarmi, ba ya buƙatar komai sai hankali. Sannan akwai zanen da gara babu shi: wanda yaro ya zauna a ɗaki ya yi a kwamfuta, ya yi masa ado da launi, bai taɓa zuwa filin ba, bai san akwai kwata a tsakiya ko an tara yashi a kusurwa ba. Irin wannan ne ya sa masu sana'a ke raina takarda, kuma suna da hujja. Hoton sama na Google Maps yana taimakawa wajen ganin fasalin fili da layukan da ke kewaye da shi, amma yana iya zama na bara, kafin maƙwabci ya ja katanga. Sai an taka da ƙafa, an ja tef. Shi ya sa nake ganin wanda ya fi cancanta a zauna da shi wajen zanen shi ne Alhajin rumfa da kansa. Shi ya faɗa, yaro ya auna ya rubuta, mai lasifika ya ce a matsar da wannan, shugaban 'yan agaji ya ce a bar min hanya a nan mai faɗin da mota za ta wuce, wata daga cikin mata ta duba ta ce ba mu yarda da nan ba.

Abin da ake nema bai wuce takarda ɗaya ba, ko da biro aka yi ta, muddin awon gaskiya ne: iyakar fili, gabas, kowace ƙofa da faɗinta, rumfuna, dandamali, inda janareta zai zauna da hanyar da wayarsa za ta bi ta gefen katanga, wayoyin sama, wurin ajiye motoci da babura, hanyar da ba mai tsayawa a kanta ko wane ne shi. A ɗauki hotonta a tura wa kowa ta WhatsApp kwana biyu ko uku kafin ranar, don mai janareta ya san tsawon wayar da zai ɗauko. Da yammacin jajibiri a je da toka a fitar da layukan a ƙasa, saboda yaran da za su sauke ƙarafa da asuba ba takarda za su duba ba, ƙasa za su duba.

Akwai kuma abu ɗaya da nake roƙon a rubuta a gefen takardar da manyan baƙaƙe. Yawancin filayen makarantu da ake ara suna da ƙofa ta biyu, kuma kusan kullum a kulle take da kwaɗo, makullin yana aljihun maigadi, maigadi kuma ya ga taro ya kankama ya tafi cin abinci ko ya shiga cikin jama'a. A rubuta sunan wanda zai riƙe makullin, a buɗe ƙofar tun kafin a fara, a tsayar da ɗan agaji biyu a wurin har a watse, mai gabatarwa kuma ya faɗa a lasifika tun farko, ya maimaita kafin addu'ar rufewa, cewa akwai hanya ta baya kuma mata da yara ta nan za su bi.